Gamanar Indo Ce Ta Kai Ni Kano

Tun da na dawo daga Kano ba a bar ni na huta da tambaya ba. Masu zuwa sayen mai da ƙuli-ƙuli sai sun tsaya sun ji ko da gaske ne akwai fitilar da ke kamawa ba kananzir, ko jirgin ƙasa ya kai gida tsawo, ko matan can suna cin shinkafa kullum. Damina ta wuce, kaka ta shigo, tambayar ba ta ƙare ba. To bari in faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Sai dai ku yi haƙuri, ba zan tsallake abin da ya kai ni ba, ko da yake na lura shi ne kaɗai ba a tambaya.

Sunana Dije, ƙauyenmu yana gabas da Bande. Mijina ya daɗe da rasuwa, 'yata guda tana aure a Yekuwa, ni kuma ina matsar man gyaɗa ina tuyar ƙuli-ƙuli a ɗakina. Ba na iya riƙe magana a ciki, wannan kowa ya sani. Shi ya sa in mata suna da abin da suke tsoron faɗa sai a ce a kira Dije.

Indo ƙawata ce tun muna 'yan mata. Da mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya mata uku, ta dawo gidan ubanta, tsohon ya yanka mata gamana a gefen gonarsa. Gamana ita ce 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta, abin da ta girba nata ne, ba mai buɗe mata rumbu. Wurin da aka ba Indo sabara ce zalla. Ita ta sare, ita ta yi ta kai taki a ka, har ya zama ba inda gero ke yin kyau a gonar kamar nan. Da shi take ciyar da yaran. Da rani tsohon ya rasu, ba a daɗe da sadakar arba'in ba wanta Isa ya ce bana gonar duka gyaɗa za a sa, har da gefen Indo. Da ta yi magana ya ce mace ba ta gadon gona, haka aka tarar.

Ba Indo ce ta farko ba. Tun da masu sayen gyaɗa na Nasara suka kafa ma'auni a Magariya, gamanar mata ake ta haɗiyewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu mazan ma rana tsaka suka gano cewa matansu sun fi ƙarfin shiga rana, suka sa su kulle, gamana ta koma cikin gandu. Ni dai ban taɓa ganin tsoron Allah da ke tashi tare da farashin gyaɗa ba sai a garinmu.

Wata ranar a wurin sussuka muka yi maganar. Wata ta ce ta ji daga bakin fatake cewa a Kano akwai matan da ke tsayawa gaban taro suna faɗar hakkin mata, akwai kuma mata malamai masu karanta manyan littattafai. Nan aka tsayar da shawara: in je in zo da ɗaya daga cikinsu, in ba ta samu ba in zo da maganarta, kafin ruwan shuka ya sauka. Don a wurinmu in namiji ya riga ya zuba iri a ƙasa, da wuya a sake ɗaga shi. Kowace ta rantse ranar da za a je gaban mai gari tana bayana. Suka haɗa mini kuɗin mota, ni kuma na cika gora da man da na fi ji da shi don in kai wa malamar. Indo ta dama mini fura da geron gamanarta, ta raka ni har bayan gari. Ba ta ce komai ba sai, "Dije, ki yi sauri."

Da 'yan kasuwa na bi zuwa Magariya, su a kan jakuna ni a ƙasa. Lokacin cinikin gyaɗa ya wuce, motoci sun yi ƙaranci, sai da na yi zaman jira a tasha kafin a samu wata babba da za ta kwashe ragowar buhuna zuwa Kano. Shofer, wato direban motar, ya dube ni, ya duba bayana.

"Inna, ke da wa?"

Na ce, "Ni da Allah."

Ya ce in dai Shi ba zai ci wuri ba in hau.

A saman buhuna muka zauna, ni kaɗai ce mace. Mazan suka matsa gefe guda suka bar mini fili kamar mai agana. Suna hira, suna miƙa wa juna goro, yana wucewa ta gabana ba ya tsayawa. Ni da ba a raba ni da surutu, ranar na san nauyin bakina. Kafin mu kai Tinkim motar ta kafe a rairayi, aka ce kowa ya sauko a tura. Na ɗaure zane na sa kafaɗa, don hannun da ke matsar mai bai rasa ƙarfi ba. Da ta fita wani tsoho yana haki ya ce wa na kusa da shi, "Wannan da gani ba ta da miji." Ita ce magana ta farko da aka yi a kaina a motar, kuma ba da ni aka yi ta ba.

A Tinkim duwan suke, masu binciken kayan da ke ƙetare iyaka. Wani gardi, ɗan sandan Faransi mai jar hula, ya ce in kawo takarda. Ba ni da wata takarda sai katin zaɓen da aka raba mana, shekarar da kumandan, Baturen da ke mulkinmu, ya aiko cewa mata ma za su jefa ƙuri'a. Na kwance shi daga bakin zane na miƙa. Ya juya shi, ya yi dariya, ya ce ina izinin mijina. Na ce mijina yana maƙabartar garinmu, in ya matsu ya je ya tambaye shi. Bai ji daɗin amsar ba. Suna da wani tsinken ƙarfe da suke soka wa buhu don su ji ko an ɓoye wani abu, sai ya ɗauka ya ƙwanƙwasa gorata da shi, wai yana son ya ji mene ne a ciki. Gora ta tsage. Kafin in tare da ƙwaryar fura rabin man ya bi zanena. Haka na shiga ƙasar Ingilishi ina ƙamshin ƙuli-ƙuli, ƙudaje na rakiya.

Iyakar kanta na yi ta baza ido in gani, ban ga komai ba. Gawon da ke nan shi ne a can, gonakin iri ɗaya, Hausar ma ɗaya. Sai 'yan sandansu da ke sa gajeren wando, manya da su, da kuma shofer da ya ce daga nan doka ta ce a koma hannun hagu. Na leƙa, hanyar rairayi ce guda ɗaya tal, ban san ina hagun yake ba.

A Babura motar ta lalace, aka ce sai gobe. Mazan suka kwashi tabarminsu suka nufi zauren wani fatoma mai saukar baƙi, ba wanda ya waiwayo. A garinmu in baƙuwa ta sauka, gidan mai gari ake kai ta wurin matansa, a ba ta ruwa kafin a tambayi sunanta. Nan kuwa duk ƙofar da na yi sallama sai a aiko a ce matar wa ce. In na ce ba ta kowa ba, sai a ce masu gida ba sa nan. A ƙarshe wani dattijo ya nuna mini wani gida a bayan kasuwa, ya ce can ake saukar irinku. Gidan Magajiya ne, inda mata masu zaman kansu suke. Raina ya ɓaci.

Na koma gindin wata bishiya kusa da motar na zauna. Na buɗe furar Indo, ta yi tsami ta gauraye da mai, na sha haka nan. Ana kiran magariba kowa yana shiga gidansa, ina jin ƙarar ludayi da kukan yara ta bayan danga. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba, ko ranar da aka fita da mijina, don ranar ɗakina cike yake da mutane.

Magajiyar ce da kanta ta zo, wata mace mai jiki da ta manyanta, da kwanon ruwa a hannu. Ta ce, "Baiwar Allah, sha. In kin ga dama ki taso, in ba ki ga dama ba ga tabarma zan aiko miki. Amma garin nan akwai kuraye, masu ƙafa huɗu da masu biyu." Na tashi na bi ta.

Zan faɗi gaskiya ko da za a ƙara yi da ni: a duk tafiyar ba inda aka karɓe ni kamar gidan nan. Aka ba ni ɗaki ni kaɗai, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, wata ta karɓi zanena ta wanke da sabulu ta ara mini nata. Da safe muna shan koko da ƙosai na gaya musu abin da ya fito da ni. Wata siririya da ke gefe ta ajiye ludayi. Ta ce ita 'yar wajen Dungas ce, ubansu ya mutu, 'yan'uwanta maza suka raba gona da gida, aka ba ta tukwanen uwarta da akuya. Da aurenta ya mutu ta koma, ta tarar ɗakin da aka haife ta an zuba gyaɗa a ciki. Ta ce, "Yaya, in kin samo maganar a Kano, ki biyo ki gaya mini. Ba don ta yi mini amfani ba, ina dai so in ji." Tun daga nan in na tuna Indo sai in ga fuskar matar nan.

Ina fitowa daga ƙofar gidan na yi kiciɓis da Habu mai goro, ɗan Bande, wanda ƙanwarsa ke auren Isa. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya yi murmushi. Ya tsaya ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ko na kwana lafiya sau biyu. Abin da shi ya kawo shi ƙofar da sassafe, na san ba mai tambayarsa.

Kano kuwa, abin da kuka ji gaskiya ne. Fitilar tana nan, jirgin ƙasa yana nan, kukansa ya sa na yar da ƙunshina na ruga har mutane suka yi ta dariya. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne buhunan gyaɗa da aka jera aka yi tudu da su kusa da tashar jirgi, kowane tudu ya fi kukar garinmu tsawo. A nan shofer ya sauke namu, ban ga sun ƙara komai ba. Na tsaya ina lissafi a raina: abin da gamanar Indo za ta bayar in an sa gyaɗa, ko a gindin tudun nan ba za a lura da shi ba.

A Fagge na sauka, gidan wata 'yar'uwar mijina da muke kira Gwaggo Abu. Gida ne mai doguwar katanga, mata da yawa a ciki, ba mai leƙa waje da rana. Amma kada ku ce zaune suke. Wannan tana ɗinkin hula, waccan tana alkaki, wata tana dafa taliya, 'yan mata na fita da talla suna dawowa da ciniki. Hannuwansu sumul, sun sha lalle. Ni kuwa ƙafafuna suka fi ba su sha'awa, suka yi ta kallon faso suna jinjina kai. Tuwon shinkafarsu da daɗi, ba na musu, sai dai ba ya zama a ciki, kafin la'asar na fara neman gero. Furarsu kuma ruwa ya fi nono yawa.

Da na gaya musu abin da ya kawo ni, sai aka fashe da dariya. Gwaggo Abu har da share hawaye.

"Yanzu Dije, tun daga ƙasar Faransi kika taso don a bar ku ku yi noma? Mu nan godiya muke wa Allah da Ya raba mu da fartanya."

Na ce, "Gwaggo, ba noman muke so ba, rumbun muke so. In yaro ya ce yunwa, ba sai na jira wani ya dawo daga kasuwa ba."

Wata amarya ta ce a ƙauyen kakarta ma ana yi, gayauna suke ce mata, amma ta ji an ce aikin bayi ne. Ba da mugunta ta faɗa ba. Na yi ta ƙoƙarin bayani har na gaji, suna ta ba ni haƙuri kamar mai ciwo. Na zaci in na iso cikin mata zan huta da zama bare, sai ga shi a tsakiyarsu ma ni kaɗai ce.

Matar da ke magana gaban taro kuwa, ba wadda ta yarda ta san ta a gidan. Sai da na tambayi wani mai wankin hula ya kwatanta mini, yana yi yana waige-waige. Sunanta Uwani. A hanya ina ta zana ta a raina, ƙatuwar mace da gwaggwaro, mata na zaune kewaye da ita. Na tarar da 'yar ƙaramar mace mai tari, a ɗakin haya guda a ƙarshen wani lungu, tana taka keken ɗinki. Ba kowa a wurinta. Ƙyauren ɗakin duk ya lotsa, na tambaya ta ce jifa ce, yaran unguwa ake turowa.

Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, abin da ba wanda ya yi tun da na bar gida. Ita ma ta ba ni nata. Abin da ita da 'yan jam'iyyarsu suke nema a bar mata su yi zaɓe, a sa 'yan mata makaranta. Saboda haka masu gidan haya sun sha korar ta, an kai ta gaban alƙali, an kira ta da sunan da kuka sani, 'yan'uwanta sun daina amsa gaisuwarta. Mazan jam'iyyarsu suna son ta ranar taro, don tana tara mata, in an watse kowa ya kama gabansa. Da na ce ai mu an ba mu zaɓen, ta ce in nuna mata katin. Ta goge hannunta a zane kafin ta karɓa, ta daɗe tana kallonsa.

"Ku kun samu," in ji ta.

Na ce, "Mun samu. Mai gari ya jera mu a rana, ya nuna mana launin takardar da za mu jefa. Waɗanda ke kulle kuma mazansu suka jefa musu. Muka dawo gida muka ɗora tukunya."

Ta yi 'yar dariya har tarin ya taso mata. Ta ce duk da haka tana so, ko don ta jefa wadda ba a nuna mata ba.

Na roƙe ta ta bi ni. Ta ce ko ta ƙetare iyaka kumandanmu ba zai bar ta ta kwana a waje ba. "Kuma ko na je na yi magana, ni zan hau mota in dawo. Ku za a bari da su." Ta ce abin da nake nema ba na taro ba ne, na littafi ne, ta kwatanta mini gidan wata malama a cikin birni. Ta siyo rogo, na fito da ƙuli-ƙulina muka daka, muka ci a kwano ɗaya. Ban taɓa zama da wanda ya gane ni kamar matar nan ba, kuma ba abin da za ta iya yi mini. Da zan tafi ta ce in na sake shigowa in neme ta, amma kada in yi mamaki in na tarar ta tashi.

Malama tsohuwa ce tukuf, matan aure ke zuwa ɗaukar karatu wurinta. Na durƙusa na ajiye ɗan man da ya tsira, wanda na juye a kwalba. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mamaki ba. Ta tambaye ni 'ya'ya nawa mamacin ya bari, maza nawa mata nawa, ko matarsa na raye, ko akwai wasiyya. Sannan ta ce Indo tana da rabo, rabin na ɗan'uwanta namiji, kuma ba a ware gona daga cikin dukiya ba, yadda za a raba akuya haka za a raba ƙasa.

Na ce, "Allah gafarta Malama, a wurinmu cewa ake al'ada ce."

Ta ce, "Al'ada ba ta soke abin da Allah Ya yanka. Ki je wurin limaminku ki ce ya buɗe babin gado. Ba zai ce miki babu ba."

Na ce ko za ta daure ta zo ta faɗa da bakinta. Ta nuna mini ƙafafunta da suka kumbura, ta ce rabonta da ƙofar gari tun kafin a haifi jikokinta. Ta sa na maimaita maganar har ta zauna mini. Ina tattara zane zan tashi ta ce, "Amma 'yata, ki riƙe wannan ma. Hakkin na mai shi ne. Ke ba ki da ikon nema mata, sai ta buɗe baki da kanta." Na ce ai wannan ba matsala, Indo ce ta ce in yi sauri.

Ban ƙara kwana don yawon buɗe ido ba. Na samu motar da ke komawa da kananzir da gishiri, na hau, ina ta bitar maganar Malama a raina kada in zubar da ko kalma. A Babura ba mu tsaya ba, na hangi bayan kasuwa daga saman mota, ban samu na gaya wa matar Dungas abin da ta ce tana so ta ji ba. Gabas kuwa ta yi baƙi tun muna hanya. Muna wuce Tinkim na ga ƙasa a jiƙe, dama da hagu mutane sun fito da sungumi, maza na sara mata da yara na bi suna zuba iri. A wata shekarar da na yi guɗa. Ranar kuwa gamanar Indo kawai na tuna.

Na iso gari ba wanda ya tare ni. Habu ya riga ni da kwanaki, kuma bai zo hannu sake ba. An ce Dije ba Kano ta je ba, an gan ta tana fitowa daga gidan Magajiya da zanen da ba nata ba. A bakin rijiya na yi sallama aka amsa a ciki-ciki, kowace ta ga tulunta ya cika. Isa kuwa ya shuke gonar kaf da gyaɗa, har bakin kan iyaka.

Duk da haka na je wurin liman. Na durƙusa daga bakin zaure na zazzage masa abin da na ɗauko, ban bar komai ba. Ya bari na gama.

"Dije, wa ya ce miki ba mu sani ba? Babin yana nan, na karanta shi tun ina saurayi. Da kin tambaye ni da na hutar da ke hanya."

Na ce, "To Malam, me ya hana a faɗa?"

Ya ce, "Ba wadda ta taɓa zuwa ta nema." Ya ce shukar Isa ba za ta hana ba, in Indo ta zo gaban mai gari ta ce tana son rabonta, shi da kansa zai riƙe igiyar awo, bayan girbi wurin ya zama nata har abada.

Na fito ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Na bi gida gida ina tuna wa mata rantsuwarsu. Wata kanta na ciwo, wata mijinta ya hana, wata ta aiko a ce ba ta nan alhali ina jin tarinta. Indo na same ta tana tankaɗe. Na gaya mata komai, ta saurara idonta a kan rariya. Ta ce za ta zo.

Ta kuwa zo. A gindin bishiyar ƙofar mai gari, maza sun cika tabarmi, Isa na gefe, ni kaɗai ce mace sai ita. Ta durƙusa nesa da ni, ta ja mayafi ta rufe fuska. Liman ya yi bayani tsaf, bai rage komai ba, na ba shi wannan. Sannan mai gari ya ce, "Indo, kin ji. Kina neman rabonki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na yafe wa 'yan'uwana."

Aka sake tambayarta, ta sake faɗa. Aka yi mata addu'a, aka ce Allah Ya yi mata albarka, aka shafa. Ni ina durƙushe har aka naɗe tabarmi.

Kwanaki ban neme ta ba, don na san bakina. Ita ta zo, ta tsaya a ƙofar ɗakina ba ta shigo ba. Ta ce Isa ya gaya mata tun kafin in dawo, in ta bi maganar matar da ta kwana gidan Magajiya ta kai shi gaban mutane, to ta ɗauki gonar, amma ita da 'ya'yanta su nemi wata ƙofar.

"Ke kina da ɗakinki, Dije, 'yarki tana ɗakinta. Ni mata uku gare ni. In na faɗi gobe, wa zai aurar da su? Gona ba za ta zauna a zaure ta karɓi masu neman aure ba."

Na buɗe baki in ce mata wani abu, na duba duk abin da na ɗauko daga Kano, ban samu amsar wannan a ciki ba. Ta ce in yafe mata wahalar da ta sa ni. Ta juya ta tafi.

Yanzu Isa na ba ta hatsi daga rumbunsa, da mudu, ranar da ya tuna. Lokacin noman farko na bi ta wajen gonar zan je Bande, na hangi 'yan ƙwadago a ciki. Indo na cikinsu, ita da babbar 'yarta, a daidai wurin da ta sare sabara da hannunta, suna nome gyaɗar Isa a biya su da yamma. Gyaɗar ta yi kyau ƙwarai, takin bai tafi banza ba. Na tsaya a bakin hanya na ce mata sannu da aiki. Ta amsa, ba ta ɗago ba.